Sanarwar Bayan Taron Masu Gidajen Kallo da Masu Tura Fina-finai na Gomari Kan Fina-finan Soyayyar Mace da Mace

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mu masu gidajen kallo da masu tura fina-finai a waya da masu shagunan caji na unguwar Gomari, Maiduguri, mun yi zama na musamman ranar Asabar ɗin da ta gabata, daga bayan La'asar har zuwa Isha'i. Mambobi sun hallara daga Gomari Airport da Gomari Kostin da Ajilari, har da 'yan'uwanmu na wajen Bulunkutu da muke sana'a ɗaya da su. Mun gayyaci limamin ɗaya daga cikin masallatan Juma'a na yankin, da wani fasto, da malamai mata na makarantun sakandare, da wasu iyaye mata, da wani lauya ɗan unguwa, da wakilin Bulama. Duk sun amsa gayyata, muna kuma gode musu.

Abu biyu ne suka sa aka kira zaman. Na farko, koken da iyaye suka daɗe suna kawo mana cewa suna tsintar fina-finan ƙasashen waje masu nuna soyayya tsakanin mace da mace a wayoyin 'ya'yansu, wasu ma yaran ba su gama ƙaramar sakandare ba. Na biyu ya fi tayar mana da hankali. A makonnin baya wasu samari sun tare wata ɗaliba tana dawowa daga Islamiyya, suka karɓe wayarta, suka bincika, suka ga irin wannan fim a ciki. Kafin gari ya waye sunanta ya zaga unguwa, an haɗa ta da ƙawarta da suke tafiya makaranta tare tun suna firamare. Yarinyar ta daina fita ko ƙofar gida. Da muka bi diddigi, sai muka tarar fim ɗin yana cikin foldar fina-finan Indiya da wani ɗan ƙungiyarmu ya juye mata gaba ɗaya, ita ko buɗe shi ba ta yi ba. Taron ya ce ko da ta buɗe ta kalla daga farko har ƙarshe, babu wanda yake da hurumin tare ta a hanya.

Yadda kayan ke shiga wayoyi

Mun fara da duba kanmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda ya san teburin mai tura fim ya san yadda cinikin yake. Kwamfuta ɗaya, fulash ko babban faifan ajiya, wayoyi jere a kan caji, mutum biyar ko shida a tsaye kowa yana sauri. Yarinya za ta miƙo waya ta ce, "Yaya, a sa min na Indiya da na Koriya, a cika min mimori." Mai shago ba ya tambayar shekarunta, ba ya kuma tambayar wane fim take so. Folda yake ja gaba ɗaya ya zuba mata, ya karɓi kuɗinsa, na bayanta ya matso. Shi kansa mai shagon daga wani ya kwafo foldar, wancan ma daga wani, har a kai ga wanda ya sauke ta daga intanet a Kano ko Legas. A cikin mambobin da suka yi magana, babu wanda ya iya cewa ya kalli ko rabin abin da ke cikin kwamfutarsa.

Wannan ciniki ya ƙara bunƙasa tun Janairun 2021, lokacin da aka lalata turakun da ke kawo wa Maiduguri wutar lantarki, gari ya daɗe cikin duhu. Talabijin ta mutu a gidaje da yawa, shagon caji mai sola ko janareto ya zama wurin da kowa yake zuwa kullum, waya kuma ta zama sinimar kowa. A da idan za a kalli fim, a tsakar gida ake kallo, uwa tana gani, kaka tana tsawatarwa. Yanzu yarinya tana kallo ita kaɗai da abin sauraro a kunne, cikin gidan sauro, babu wanda ya san me ta gani, babu kuma wanda za ta tambaya.

Fina-finan da aka tattauna a kansu

Taron ya ga bai dace mu yanke hukunci kan abin da ba mu sani ba, don haka aka ɗora wa wasu mambobi manya aikin kawo bayanin fina-finan da sunayensu suka fi fitowa a koken iyaye da kuma labarai.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne fim ɗin Indiya na 2019 mai suna Ek Ladki Ko Dekha Toh Aisa Laga. Duk wanda ya ga fastarsa, ya ga Anil Kapoor da Juhi Chawla da Sonam Kapoor, zai ɗauka irin fim ɗin iyali ne da muka saba da shi tun zamanin kaset, ga biki, ga rawa, ga uba mai neman aurar da 'yarsa. Kusan rabin fim ɗin iyalin suna cikin tashin hankali ne saboda suna zaton 'yarsu tana son wani saurayi Musulmi, su kuma ba Musulmi ba ne. Sai daga baya ake gane cewa wata budurwa take so. Fim ɗin ya fito ne 'yan watanni bayan Kotun Ƙolin Indiya ta soke hukuncin laifi a kan irin wannan hulɗa a Satumban 2018. Abin nufi, masana'antar da muka fi amincewa da ita, wadda mai shago yake juyewa ido rufe don ya san ta da kunya, ta sauya daga yadda muka san ta, mu kuma ba mu sauya yadda muke ciniki ba.

An kawo I Can't Think Straight na 2008, wanda Shamim Sarif ta ba da umarni. Labarin Tala ne, Bafalasɗiniya Kirista 'yar masu kuɗi a Jodan, da Leyla, Musulma 'yar asalin Indiya da ta tashi a Ingila. Yana da fitowar da ba ta dace da idon yaro ba ko kaɗan. Mambobin da suka duba shi sun kuma lura cewa wani babban ɓangarensa gardama ce a kan addini da iyaye da auren da dangi suka shirya, abubuwan da kowane gida a nan ya san su.

An kawo Rafiki na ƙasar Kenya, na Wanuri Kahiu, kan 'yan mata biyu da iyayensu maza ke takarar kujera ɗaya a Nairobi. Hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta shi a 2018, a shekarar da aka nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa, daga baya wata kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai kacal. A cikinsa akwai wurin da 'yan unguwa suka taru suka lakaɗa wa 'yan matan duka bayan wata mai gulma ta tona su. Ɗaya daga cikin malaman makarantar da suka halarci zamanmu ta ce wannan wurin ne ya hana ta barci, domin ta ga fuskokin masu dukan, irin fuskokin da take gani ne a bakin titi kullum.

A nan gida Najeriya akwai Ìfé na 2020, wanda Pamela Adie ta shirya, Uyaiedu Ikpe-Etim ta ba da umarni. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta yi gargaɗi a kansa, masu shi kuma ba su kai shi sinima ba, a intanet suka sake shi a watan Disamba na shekarar. Wannan ya isa ya nuna cewa haramci a takarda ba ya hana fim shiga waya.

An kuma tuna da Fire na Deepa Mehta, na 1996, labarin facaloli biyu da mazajensu suka yi watsi da su a gida ɗaya. Da aka fara nuna shi a Indiya, a Disamban 1998 'yan ƙungiyar Shiv Sena suka far wa gidajen sinima a Mumbai da Delhi, suka farfasa gilasai, suka kori 'yan kallo. Aka mayar da fim ɗin gaban hukumar tacewa, ta sake sakin sa, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka yi layin kallo. Masu gidajen sinima da ma'aikatansu ne suka kwashi asara.

Abin da doka ta ce

Lauyan da muka gayyata ya yi bayani filla-filla. Dokar haramta auren jinsi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa ƙungiyarsu, ko mai nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ya ce babu inda dokar ta ambaci wanda aka samu fim a cikin wayarsa. Ya kuma tuna mana abin da ya shafe mu kai tsaye, wato dokar 1993 da ta kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa. A ƙarƙashinta, fim ɗin da za a nuna wa jama'a ko a sayar sai hukumar ta duba shi ta sa masa matakin shekaru, mai nunawa da mai rarrabawa kuma sai da lasisi. Mafi yawan abin da ke cikin kwamfutocinmu bai bi ta wannan ƙofa ba.

Daga nan ya juya kan samarin da suka karɓe wayar. Ya ce sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Ya ce ƙwace wayar mutum laifi ne, yi masa barazanar watsa sirrinsa don a karɓi kuɗi laifi ne, ɓata masa suna a Facebook ko TikTok ko WhatsApp kuma yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ya ƙara da cewa Jihar Borno tana da dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane, waɗanda Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa wa hannu a Janairun 2022.

Inda aka yi saɓani

Ba za mu ɓoye wa jama'a cewa zaman ya yi zafi ba. Malam Liman ya faɗa ƙarara cewa maɗigo haramun ne a Musulunci, kuma bai halatta Musulmi ya ci abinci da yaɗa abin da ke ƙawata shi ba. Fasto ya ce koyarwar cocinsu ma ba ta amince da shi ba. Mafi yawan mambobi a kan wannan suke.

Sai dai wata 'yar ƙungiya mai shagon caji ta miƙe ta ce, "Baba Liman, Allah ya gafarta Malam, ina da magana. Tun kafin a ƙera wayar hannu ake wannan zance a garuruwanmu, kakanninmu sun san shi. Waɗanda ake magana a kansu ba daga Indiya aka kawo su ba. Wasu 'ya'yanmu ne, wasu ƙannenmu, muna cin abinci kwano ɗaya da su. Idan mun goge fim, su ina za mu kai su?" Wani dattijo mai gidan kallo ya amsa mata cewa ido ƙofar zuciya ne, abin da yaro ya yawaita gani yana sabawa da shi, ya ce shi ya ga yadda fina-finan Indiya suka sauya bikin aure da salon zance a ƙasar Hausa cikin shekarun rayuwarsa, don haka kada a ce masa fim ba ya tasiri. Aka daɗe a kan wannan. Taron bai cim ma matsaya ɗaya ba kan ko fim yana jefa mutum cikin wani hali ko kuwa yana nuna abin da ke nan ne tun asali, kuma mun rubuta haka yadda yake.

Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, Malam Liman ne ya fi kowa tsanantawa a kan samarin da suka tare ɗalibar. Ya ce Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mummunan zato da binciken sirrin mutane da giba, duka uku a wuri guda, samarin nan kuma sun haɗa ukun a yammaci ɗaya. Ya ce Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga mai jifan kamammiyar mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, wanda ke nuna girman mutuncin mace a wurin Allah. Ya ce ko laifi ya tabbata, hukunci na alƙali ne, kuma suturta Musulmi ya fi tona shi. Fasto ya kawo labarin matar da aka kawo gaban Yesu don a jefe ta, a Bisharar Yohanna sura 8, da yadda masu riƙe da duwatsun suka watse ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan batu babu wanda ya saɓa, daga mai ganin fim ne tushen matsala har mai ganin ba shi ba ne.

Wata uwa ta ba da shaidar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Ta ce akwai masu neman kuɗi da wannan zargi. Sai su samu hoton 'yan mata biyu sun rungumi juna a wurin biki, ko sun yi anko, su aika musu saƙo cewa ko su turo kuɗi ko katin waya, ko a watsa su. Yarinya ba za ta iya gaya wa iyayenta ba, domin zargin kaɗai ya isa ya hana ta aure, sai ta sayar da ɗan kunnenta ta biya, gobe su dawo. Ta ce tsoron da muke zubawa a kan wannan magana shi ne jarin waɗannan ɓarayi.

Taron ya tuna da abin da ya faru a Kano a Afrilun 2007, lokacin da aka yaɗa cewa wata mata da ake yi wa laƙabi da sunan garin nan namu ta auri mata huɗu a wani biki. Labarin ya zaga duniya, aka rushe wurin da aka ce an yi bikin, matan suka shiga ɓuya. Daga baya matar ta shaida wa BBC cewa ƙarya ne, taron tara gudummawa ne don taimaka wa matan su yi aure. Waɗanda suka ji zargin sun ninka waɗanda suka ji musun nesa ba kusa ba. An kuma tuna yadda, makonni kaɗan bayan sa hannu kan dokar 2014, wasu gungun mutane suka bi gida-gida a Gishiri da ke Abuja suna fito da maza suna duka bisa zargi kawai.

Mu a Gomari muna da dalilinmu na daban na ƙin duk wani mai ɗaukar doka a hannunsa. A ranar 1 ga Maris 2014 bama-bamai biyu sun tashi a yankin nan cikin cunkoson jama'a. A ranar 20 ga Satumba 2015 an sake kai hari Gomari da Ajilari, aka taɓa masallaci da wurin kallo, sama da mutum 50 suka rasu. A Yunin 2014 an kashe masu kallon gasar cin kofin duniya a Damaturu. A cikin waɗanda suka zauna a wannan taro akwai wanda ya ɗauki gawar abokin cinikinsa da hannunsa. Ba mu kwatanta iyaye masu kishin tarbiyya da waɗancan azzalumai ba, Allah ya kiyaye, koken iyaye gaskiya ne kuma shi ya tara mu. Abin da muke cewa shi ne, mun ga inda ake ƙarewa idan wani ya naɗa kansa alƙali a kan abin da maƙwabcinsa ke kallo, kuma ba ma son ko ƙurar wannan hanya ta sake tashi a unguwarmu.

Matsayar taro

1. Daga yanzu an hana ɗan ƙungiya juye folda gaba ɗaya a wayar kowa. Fim ɗaya-ɗaya za a tura, da sunansa, kuma sai wanda mai shago ya san abin da ke ciki. Mun san wannan zai rage saurin ciniki, zai kuma rage abin da ake samu a rana. Mun yarda da wannan asara.

2. Kowane mai shago zai ware kayansa gida uku: na yara, na iyali, da na manya. An kafa kwamitin dubawa mai maza da mata, har da malamar makaranta ɗaya daga wajen ƙungiya, wanda zai riƙa duba sababbin fina-finai, musamman na Indiya da Koriya da Turkiyya da masu fassarar Hausa, ya fitar da jerin sunaye duk wata. Ma'aunin kwamitin ɗaya ne ga kowane fim. Tsiraici da fitowar kwanciya da zubar da jini ba na yara ba ne, ko tsakanin mace da namiji ne ko tsakanin mace da mace. An jaddada wannan domin wasu mambobi sun nuna cewa mun shekara muna tura wa yara fina-finan da ke cike da fyaɗe da yankan mutane, babu wanda ya kira taro.

3. Ba za a tura wa wanda bai kai shekara 18 ba komai daga kason manya, ko da ya ce aiko shi aka yi.

4. Fina-finan da jigonsu soyayyar jinsi ɗaya ce, ba za a haska su a gidajen kallonmu ba, ba kuma za a sayar da su a teburanmu ba, saboda dokar ƙasa da kuma ra'ayin mafi yawan mambobi da al'ummar da muke zaune a cikinta.

5. Sirrin mai saye amana ce. Idan babba ya tambayi irin wannan fim, a ce masa babu, cikin mutunci, magana ta ƙare a nan. Wayar da aka kawo caji ko gyara ko turi, an hana buɗe hotunanta da saƙonninta. Duk ɗan ƙungiyar da aka samu ya leƙa wayar wani, ko ya kwafi hoto, ko ya ba da labarin abin da ya gani a majalisa, ko ya nuna wata yarinya da baki, za a kore shi daga ƙungiya, a kuma miƙa maganarsa ga Bulama da hukuma. Wannan hukunci ya fi na wanda ya karya matsaya ta ɗaya tsanani, da gangan muka yi haka, domin fim ana goge shi cikin daƙiƙa, sunan 'ya mace kuwa idan ya ɓaci yana bin ta har gidan miji.

6. Shugabannin ƙungiya, tare da wakilin Bulama da Malam Liman, za su je gidan iyayen ɗalibar da aka ci wa mutunci da gidan iyayen ƙawarta su ba da haƙuri. Malaman makaranta sun ɗauki nauyin ganin yaran biyu sun koma aji. Za a kira samarin da iyayensu gaban Bulama, kuma iyalan yaran suna da damar kai ƙara idan sun so, lauya ya ce zai tsaya musu kyauta.

7. Duk yarinya ko matar da ake yi wa barazanar tona asiri don a karɓi kuɗinta, ta samu ɗaya daga cikin matan kwamitinmu. Ba za a tambaye ta ko zargin gaskiya ne ba, ba aikinmu ba ne. Za a taimaka mata ta adana saƙonnin, a raka ta wurin lauya.

8. Ƙungiya za ta nemi hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta turo jami'anta su wayar mana da kai kan lasisi da matakan shekaru.

Kira

Ga iyayenmu: ƙwace waya da duka ba sa sa yarinya ta daina kallo, sai dai ta koyi ɓoyewa. Ku zauna da su, ku tambaye su me suke kallo, wani lokaci ku kalla tare. Idan 'yarku ta zo muku da maganar da ta yi muku nauyi, kowace iri ce, kada ku kore ta daga gida. Mun ga inda 'yan matan da aka kora suke ƙarewa a garin nan, kuma babu uban da zai so wa 'yarsa wannan.

Ga matasanmu 'yan sa-kai, waɗanda suka tsaya wa garin nan tun 2013 lokacin da kowa ke gudu: muna girmama ku, muna kuma roƙon ku taya mu hana duk wani mai fakewa da gyaran tarbiyya yana tare mata a hanya.

Ga malamai da fastoci: idan za a yi wa'azi kan wannan batu, a haɗa da haramcin ƙazafi da binciken sirri, kamar yadda aka yi mana a wannan zama. Rabin wa'azin ne kawai ke isa kunnen samari a yanzu.

Ga masu shirya fina-finai na Kano da na nan Borno, maganarmu ta ɗan fi tsawo. Yaranmu suna bin fina-finan waje ne domin a can suke ganin ana taɓa abin da ke damun su: son wanda dangi ba sa so, auren dole, bambancin addini da na ƙabila, kaɗaicin matar da miji ya jingine. Gomari unguwa ce ta Barebari da Hausawa da Shuwa da Babur da Margi da Ibo, ga waɗanda rikici ya koro daga Bama da Gwoza da Konduga. Kusan kowane layi akwai labarin saurayi da budurwar da aka raba saboda yare ko addini ko asali. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya gwada taɓa irin wannan a fim ɗinsa Tsintsiya, kan soyayya a tsakiyar rikicin ƙabilanci da addini, a ƙarshen 2008 kuma wata kotu a Kano ta ɗaure shi bisa tuhumar sakin fim ba da izinin hukumar tacewa ba. Mun san irin wannan yana sa mai fim ya ja da baya ya koma kan labarin kishiyoyi. Amma idan ku ba ku ba da labarin gidajenmu da harshenmu da kunyarmu ba, yaranmu za su ci gaba da neman sa a Mumbai da Landan. Muna roƙon Sashen Koyar da Aikin Jarida na Jami'ar Maiduguri da gidan rediyo da talabijin na jiha, BRTV, su buɗe wa matasa masu wannan sha'awa ƙofa. Mu kuma mun yi alkawarin duk fim ɗin da aka shirya a Borno, da Hausa ko da Barbarci, za mu haska shi a gidajen kallonmu, mu biya mai shi haƙƙinsa.

Za a manna kwafin wannan sanarwa a kowane shago da gidan kallo na mambobinmu, a kuma kai wa Bulamomi da Lawanin yankin. Matakan za su fara aiki daga ranar Juma'a mai zuwa. Duk mai ƙorafi a kan wani ɗan ƙungiya ya kawo wa sakatare, za a saurare shi cikin sirri.

Allah ya zaunar da Borno lafiya, ya shirya mana zuriya.

Sa hannu:
Shugaban ƙungiya
Sakataren ƙungiya
Shugabar mata, a madadin kwamitin dubawa